Yadda ake jinyar ciwon gwiwar hannu na 'yan tanis ba tare da allura ko tiyata ba

Ciwon nan yana zama ne a ɗan ƙashin da ya turo ta wajen gwiwar hannu, inda jijiyoyin da ke ɗaga wuyan hannu suka manne. Ka ɗauki kofi ko ka murɗa marfin kwalba, sai zafi ya tsarga har sangalin hannu. Yawancin masu shi ba su taɓa buga tanis ba: kafintoci ne, makanikai, masu fenti, masu wuni a kan kwamfuta, galibi 'yan shekara 30 zuwa 50.

Da farko ka rage aikin da ke tayar da shi, amma kada ka rataye hannun gaba ɗaya. Idan za ka ɗauki kaya, tafin hannu ya kalli sama, kayan kuma kusa da jiki. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 10 zuwa 15 tana kwantar da zogi bayan aiki. Iyakarta ke nan, ba ta warkarwa.

Inda na ga mutane suna faɗuwa shi ne atisaye. Jijiyar ba kumburi kawai ta yi ba, zarenta ne ya raunana, kuma sai da nauyi daidai gwargwado take sake ƙarfi. Zauna ka ɗora sangalin hannu a kan tebur, tafin hannu yana kallon ƙasa, wuyan hannu ya ɗan zarce bakin teburin. Riƙe abu mai rabin kilo. Ba sai ka sayi ƙarfe ba, kwalbar ruwa ta rabin lita ta wadatar. Sa lafiyayyen hannunka ya ɗaga mai ciwon sama, ka sake shi, sannan ka bar mai ciwon ya sauke kwalbar shi kaɗai, a hankali, kana ƙirga daƙiƙa huɗu ko biyar. Saukewar ita ce maganin. Wanda ya saki hannu ya faɗi yaraf, bai yi komai ba. Sau 10 zuwa 15, ka huta minti ɗaya, zagaye uku, sau ɗaya a rana.

Ɗan zafi yayin atisayen ba laifi ba ne, kuma a nan da yawa ke tsorata su daina. Ni ma'aunina safiyar washegari ne: idan ka tashi ciwon yana yadda yake jiya, ci gaba, idan ya ƙaru, nauyin ya yi yawa, ka rage. In ko rabin kilon ma ya gagara, fara da riƙe kwalbar cak, wuyan hannu a miƙe, na daƙiƙa 30, har hannun ya saba. Ranar da sau 15 ya zama wasa, ƙara rabin kilo.

Kada ka tsaya don ka ji sauƙi a mako na biyu. Jijiya ba ta da wadatar jini kamar tsoka, gyaruwarta na da nawa, don haka ka ƙudurta mako 12. Masu saurin komawa cikakken aiki su ne ciwon ke dawo wa.

Maɗaurin sangalin hannu yana taimakawa lokacin aiki: ka ɗaura shi kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da gwiwar hannu, a kan tsoka ba a kan ƙashi ba, ka cire in ka tashi. Na'urorin leza da na igiyar sauti da ake sa wa wurin suna cin kuɗi, sakamakonsu kuma ba tabbas, ban yarda su maye gurbin atisaye ba. Allurar sitiroid, wato maganin rage kumburi, ma tana kashe zafi na 'yan makonni, amma bincike ya nuna ciwon ya fi dawowa ga waɗanda aka yi wa.

Mafi yawan masu ciwon nan suna warkewa cikin shekara guda. Amma idan yatsu na mutuwa, ko gwiwar ta kumbura ko tana maƙalewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ka ga likita kafin ka fara komai. Haka nan in wata uku suka wuce ba canji, likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi ta hanyar atisaye, ya duba yadda kake atisayen, ya duba wuyanka da kafaɗarka.