Masu fita kallon tsuntsaye da bazarar nan, ga inda kuke kwafsawa

Na gaji da ganin samari sun sayi madubin hangen nesa mai tsada, su fita sau ɗaya su dawo suna cewa wai babu tsuntsu a Katsina sai kurciya da hankaka. To malam ƙarfe nawa ka fita? Sha ɗaya na rana, a watan Afrilu! Lokacin ai ko zabo ya nemi inuwa. Ka sallame asuba ka kama hanya, kafin rana ta ɗaga ka riga ka zauna bakin dam ɗin Ajiwa, ko Sabke in kana ɓangaren Daura, wajen ƙarfe tara ka tattara ka dawo. In ba haka ba sai bayan la'asar.

Kuma baƙin tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai su yi hunturu, cikin Maris zuwa Afrilu suke komawa. Wanda ya jira Mayu sai dai ya tari shamuwa, ita kuma damina take rakowa. Haka masu niƙar gari zuwa Baturiya a Jigawa ko Dagona a Yobe, in ka bari bazara ta yi nisa ruwan fadamun ya janye, kuɗin mota kawai ka ƙona.

Amma babban kuskuren, wanda har yanzu in na tuna raina ke ɓaci, shi ne shiga ƙauyen mutane da madubi da kyamara ba sallama. Haba jama'a, kun san halin da jihar nan take ciki. Ka tsaya bayan gari kana leƙen bisa itace kana rubutu a ɗan littafi, mi kake so su ɗauke ka? Infoma mana. Ni an taɓa rutsa ni a wani ƙauye ina bin chilakowa daga wannan gawo zuwa wancan, ban ankara ba 'yan banga sun zagaye ni, aka karɓe waya aka zaunar da ni ƙofar gidan mai unguwa har azahar, sai da wani dattijo ya gane kawuna sannan aka sallame ni, madubin ma wajen kokawar karɓa ya faɗi ido ɗaya ya tsage. Kuma ban ga laifinsu ba wallahi. Yanzu duk inda na sauka wajen mai gari nake farawa, ranka ya daɗe ga abin da ya kawo ni, in miƙa masa madubin ya leƙa da kansa, ya haɗa ni da yaro ɗan gari. Yaran nan masu danƙo sun fi ka sanin inda fakara ke kwana. Dajin Rugu kuwa kada ma ka soma, ko wane tsuntsu aka ce maka an gani.

A gida kuma, ku daina watsa gero tsakar gida kuna jira, kaji da ɓera kuke kiwo. Da zafin nan tsuntsaye ruwa suke nema. Ni kasko nake sawa ƙarƙashin bedi, ruwan bai wuce gaɓar yatsa ba, in jefa dutse a tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa, in ɗora shi bisa tsohon turmi saboda kyanwa. Kullum da safe a zubar a sake, in ba haka ba sauro ka tara wa iyali. Bokiti mai zurfi kuwa gawa za ka tsinta.

Farar shadda ba ta wannan fita ba ce. Waya a sailan. Kada ka nuna tsuntsu da hannu kana ihu ga shi can ga shi can. Madubin da aka rubuta 8x42 a jikinsa, wato mai kusanto abu sau takwas, ya ishe ka, mai ƙaton lamba hannu ke rawa da shi. Sheƙa in ka gani ka wuce, musamman in yara na biye da kai.