Yadda ake haɗa garin Tom Brown na yara, kada ya yi gafi kada ya yi tsululu

'Yan uwa mata, duk wadda ta ce min ta gwada Tom Brown, wato kunun garin hatsi da waken soya da gyaɗa, yaronta ya ƙi sha, ko ya sha cikinsa ya kumbura yana ta gudawa, tun kafin ta gama bayani na san inda aka samu matsala, waken soya ne. Ni ma karon farko haka na yi asarar kusan tiya guda, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Awo dai kowa ya sani, gero ko dawa ko masara kashi 6, waken soya kashi 3, gyaɗa kashi 1. Da gwangwanin madara za ki auna ko da mudu duk ɗaya ne, in dai abin awon bai canza ba. Ni gero nake sawa, ya fi ƙamshi kuma yara sun fi karɓarsa, masara sai in kuɗi sun yi kaɗan. Wanke gero da rege tsakuwa ba sai na koya miki ba.

Toh waken soya. Ki tsince shi ki jiƙa da daddare ya kwana, da safe ki zubar da ruwan nan, kada ki yi amfani da shi, ki murje waken da hannu cikin sabon ruwa, za ki ga ɓawon yana tasowa sama kina tsiyayewa, sai kin yi kamar sau huɗu ko biyar kafin ya fita. A nan mutane suke gajiya su ce ai injin zai niƙe, kuma gaskiya ne zai niƙe amma dusar ce za ta cika wa yaro ciki. Bayan nan ki tafasa shi kamar minti 20, wasu suna tsallake wannan, ni ban yarda ba, domin ɗanyen waken soya yana da wani sinadari da yake hana ciki narkar da abinci mai gina jiki kuma zafin wuta ne kaɗai yake kashe shi. Sai shanya. Dan Allah ki bar shi ya bushe ƙarau, ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza, in ta ce ƙas ta fashe to ya yi, in haƙorinki ya nutse ki mayar rana ko kwana uku zai yi. Nawa na farko da damina na yi, na ga bayansa ya bushe na kai niƙa, kwana biyar na buɗe bokitin wani wari ya buge ni, garin ya dunƙule ya yi fumfuna, haka na zubar.

In ya bushe ki soya shi a kasko ba mai, wuta kaɗan kina juyawa har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshi ya tashi. Ki tauna, in babu gafi ya soyu. Geron ma a soya shi daban sama-sama, gyaɗa daban a murje jan ɓawon. Kada ki haɗa su kasko ɗaya, gero zai ƙone wake bai ko fara ba. Gyaɗar kuma ki zauna ki tsince, duk wadda ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci ki jefar, irin wannan tana ɗauke da guba mai taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. Gara ki sayi gwangwani ɗaya mai kyau da ki kwaso ta araha.

Wajen niƙa ki haɗa su duka ukun ki je da kanki kada ki aiki yaro, ki tambaya me aka niƙa kafin naki, an sha niƙa barkono a zuba garin jariri a kai. Ki dawo ki baza ya huce kafin ki tankaɗe ki rufe. Kada ki yi da yawa, na sati uku zuwa wata ya isa saboda man gyaɗar.

Damu shi ne wuri na biyu da ake ɓata aikin. Tom Brown ba koko ba ne da za a sheƙa masa tafasasshen ruwa a sauke, ki kwaɓa da ruwan sanyi ki zuba a tukunya kina juyawa ya dahu kamar minti 10. Kuma ya yi kauri. Cikin yaro ɗan wata 7 ɗan mitsitsi ne, in kika cika shi da tsululu ruwa kika ba shi, zai yi shiru ki ɗauka ya ƙoshi alhali yana ramewa. Ki ɗebo a cokali ki karkata, in ya zube kamar shayi bai yi ba. Fida kuwa ki manta da ita, kofi da cokali.

Ki ɗiga manja ko man gyaɗa ƙaramin cokali, ranar da hali ki fasa ƙwai a ciki ya dahu tare, ko garin zogale da aka shanya a inuwa, ko dakakken busasshen kifi. Zaƙi dabino ya fi sukari, zuma kuwa a'a sai ya cika shekara.

Ba a farawa sai yaro ya cika wata 6, kafin nan nono zalla za ki ba shi, ko ruwa ma ba ya buƙata. Wata 6 zuwa 8 sau biyu ko uku a rana, daga wata 9 sau uku ko huɗu, nono kuma ya ci gaba har shekara 2. Amma in yaro ya riga ya kamu da tamowa, ƙafafu sun kumbura ko an auna damtsensa da tef ɗin nan ya nuna ja wato ƙasa da santimita 11.5, ko ya daina cin komai, kada ki tsaya jiƙa wake, ki goya shi ku tafi asibiti ranar, akwai abincin gyaɗa na leda da ake ba irinsu.