Jakar iska ko sifirin mai murɗi: yadda za ka zaɓa wa motar jeji

Toh kafin ma a fara musu a kan wanne ya fi a suspenshan, wato abin da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyinta yana shanye gargada, ka fara tambayar kanka abu biyu: in motar ta lalace a inda kake zuwa, nisan ka da bakanike nawa ne, sannan nauyin da kake ɗora mata kullum iri ɗaya ne ko yana canzawa. Amsar nan ce za ta zaɓa maka, ba sunan mota ba.

Sifirin mai murɗi dai ƙarfe ne da aka naɗe kawai, babu waya babu sensa babu komai. Range Rover ta farko da ta fito a 1970 da shi ta zo a ƙafafu huɗu, lokacin da yawancin motocin jeji ke kan sifirin mai falle-falle, kuma abin da ya sa ta yi suna kenan, taya na iya sauka can ƙasa cikin rami ɗayar kuma ta hau dutse ba tare da ta rabu da ƙasa ba. Land Cruiser 80 ta 1990 ma haka, Jeep Wrangler ta koma kansa a samfurin 1997, Suzuki Jimny har yau a kansa take. Matsalarsa ɗaya, tsayi ɗaya gare shi da tauri ɗaya, yadda aka ƙera shi haka zai zauna.

Na iska kuwa jaka ce ta roba mai kauri a gurbin sifirin, kwamfaresa na hura mata iska, akwai tankin ajiye iska, akwai bawul masu rarraba ta zuwa kowace ƙafa, akwai sensa a kowane ɓangare da ke auna tsayi ya gaya wa kwamfutar mota, sai kuma wani ɗan gwangwani mai busar da danshin iskar kafin ta shiga. Range Rover ta fara sa shi a 1992. Daɗinsa a fili yake, ka danna maɓalli mota ta ɗaga, ka loda kaya ko ka ɗaura tirela ta daidaita kanta bayanta bai zauna ba, a kan kwalta da gudu ta ɗan sauko ta kama hanya. Sabuwar Defender ta 2020 mai iska in ta ɗaga tana ba ka milimita 291 tsakanin cikinta da ƙasa, tana kuma ratsa ruwa mai zurfin milimita 900. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gaskiya.

Amma ga inda mutane da yawa ke kwafsawa, suna shiga jeji sai su danna mafi tsayi su bar ta a haka wuni guda. Kar ka yi haka. In ka ɗaga mota da iska ƙafar ta riga ta miƙe kusan ƙarshenta, sauran abin da taya za ta iya sauka kaɗan ne, sai ka ji mota ta yi tauri tana dukan ka a gargada, taya ɗaya na reto a sama a wurin da mai sifirin zai wuce tayoyinsa huɗu a ƙasa. Ka ɗaga ta daidai wurin dutse ko ruwa ko kwazazzabo, kana wucewa ka maido ta tsayinta na kullum. Ita ma motar in ka ƙara gudu da kanta za ta sauko. Su Land Rover, masu ƙera Range Rover da Defender, sun gane wannan matsalar, shi ya sa a Discovery 3 ta 2004 suka haɗa jakar hagu da ta dama da bawul, in taya ɗaya ta hau sama iskar ta koma ɗayar ta tura ta ƙasa, yana taimakawa sosai amma a tafiyar sannu-sannu kawai yake aiki. Sannan ka sani, in mota mai aksil guda ce wato sandar da ta haɗa tayoyin biyu, ɗaga bodi ba ya ɗaga tulun da ke tsakiyar aksil ɗin, babbar taya kaɗai ke ɗaga shi, ko iska gare ka ko sifirin.

Yanzu in mai iska za ka saya ta hannu, ga yadda za ka gwada ta, kuma dan Allah kar ka yi gaggawa a nan domin nan kuɗi ke zurarewa. Ka ajiye ta a wuri mai lebur, ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya, duka huɗun, ka rubuta. Ka cire fiyus na suspenshan ɗin saboda wasu motocin ko a kashe suna farkawa su daidaita kansu, sai su ɓoye maka yoyon. Ka bar ta ta kwana. Da safe ka sake aunawa, in kusurwa ɗaya ta sauka to jakar wurin ko tiyonta ko bawul ɗinta na yoyo. Ka zuba ruwan sabulu a gorar fesawa, ka maida fiyus, ka ɗaga motar zuwa sama ka fesa a jikin jakar musamman ƙasa inda robar ke naɗewa, nan take fara tsattsagewa, ka fesa a mahaɗar tiyo ma, duk inda ka ga kumfa na tashi ka samo ɓarawon. Ka kuma kasa kunne ga kwamfaresa, in tana ta aiki ba hutawa ko tana daɗewa kafin ta ɗaga mota to ta gaji ko kuma tana bin yoyo ne. Yawanci ma ba ita ce ta fara lalacewa ba, ɗan yoyon da aka ƙyale ne ke sa ta aiki har ta yi zafi ta ƙone, mutum ya sa sabuwa bai toshe yoyon ba ita ma ta bi 'yar uwarta. In za ka canza jaka ka canza biyu, hagu da dama, shekarunsu ɗaya ai. Gwangwanin busar da danshin nan shi ma a riƙa sabunta abin da ke cikinsa, in ya jiƙe ruwa zai shiga bawul, a ƙasashen sanyi har ƙanƙara yake zama ya toshe hanya.

Wani abu da ba na wasa da shi: kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota mai iska don kawai ka ɗaga ta da maɓalli. Tiyo ɗaya ya fashe ko kwamfuta ta ga dama ta saki iska, motar za ta sauko a kanka. Ka sa mata madogara ta ƙarfe tukun.

Sifirin duba shi bai da wuya. Awon nan dai na tef, ka ga ko gefe ɗaya ya kwanta, ka leƙa naɗin ƙarshe na ƙasa inda laka ke taruwa tsatsa ta ci, nan yake karyewa. In za ka sa sabo to ka loda motar da kayan da za ka riƙa tafiya da su, ruwa, mai, tanti, tayar safaya, bambar ƙarfe ta gaban mota in akwai, ka kai ta sikeli a auna gaba daban baya daban, da wannan nauyin za ka sayi sifirin. In ka sayi mai tauri na manyan kaya alhali kullum wayam kake yawo, bayanka zai gaya maka. Ɗagawa kuma kusan milimita 50 ya ishi yawancin mutane, in ka haura haka sai an taɓa tiyon birki, da tsawon shokazoba, da saitin sitiyari, in ba haka ba mota ta riƙa yawo a kan titi.

To wanne kenan? Ni dai ra'ayina, in tafiyarka ta kwanaki ce can inda babu gareji babu na'urar karanta kwamfutar mota, ɗauki sifirin. Ko ya karye za ka lallaɓa ka fito. Mai iska in sensa ɗaya ta tsinke ko jaka ta fashe, tana iya zama daɓas a kan robobin da ke tare ta in ta sauka ƙarshe, cikinta na jan ƙasa, a wurin da ka fi buƙatar tsayi. In kuwa yawancin tafiyarka kwalta ce, jeji sai lokaci-lokaci, yau kai kaɗai gobe mota cike da mutane da tirela a baya, iska ta fi maka nesa ba kusa ba, muddin za ka kula da ita kafin ta nuna alama. Ka riƙa tafiya da ɗan guntun tiyo, da mahaɗa ta turawa, da fiyus da rile na safaya, wasu ma suna sa wa kowace jaka bawul irin na taya yadda in kwamfaresa ta mutu za su hura da famfon taya su isa gida.

Akwai kuma masu cire iskar gaba ɗaya su sa sifirin, masu Range Rover P38 ta 1994 sun yi wannan sosai, haka masu Lexus GX470 da ke da jaka a baya kawai. Yana yiwuwa, sai dai ka sayi cikakken kit da shokazoba da ta dace da shi, da abin da zai kashe fitilar gargaɗi a dashbod, kuma ka tambayi dokar ƙasarku da kamfanin inshora kafin ka taɓa. In kuma matsalarka kawai bayan mota ne ke zama idan ka yi lodi, akwai 'yar jakar iska da ake zurawa a cikin sifirin na baya, ka hura ta ranar kaya ka rage ranar da babu, ka bar 'yar iska kaɗan a ciki kullum don kar sifirin ya tsunkule ta.