Yadda ake riƙe majalisar marubuta ba ta watse ba

Kafa majalisar marubuta a Zariya ba ya da wuya. Garin da ke da jami'a tun 1962, ga Samaru ga Kongo cike da ɗalibai, idan ka ce ranar Asabar za a zauna a karanta rubuce-rubucen juna, zaman farko sai an aro benci. Bayan wata biyu ne za ka ga mutane sun fara zamewa, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: kowa ya zo da takardarsa, an karanta goma a jere, ba wanda ya saurari ta wani saboda yana jiran a zo kansa.

Don haka babban aikin mai riƙe majalisa shi ne zaɓe. A wajenmu duk mai son a karanta nasa zai miƙo shi kafin Laraba, ni kuma in ɗauki biyu kacal, yawanci zube ɗaya, wato rubutun da ba waƙa ba kamar labari, da waƙa ɗaya, kowanne kada ya wuce minti goma a baki. Nakan karanta shafin farko da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki. Inda harshena ya sarƙe, nan jimla ta karye. Sai in duba ko nasa ne, domin yanzu labari kan yi yawo a waya har mutum ya manta a ina ya tsince shi. In ya kawo aya ko hadisi ko shekarar wani sarki, sai ya nuna mini inda ya samo. Bayan wannan, abin da na fi nema shi ne ko akwai abin da za a yi gardama a kai. Labari mai kurakurai wanda zai raba ɗaki biyu kan ko matar ta kyauta ko ba ta kyauta ba ya fi mini wanda aka goge tas amma ba abin cewa sai madalla.

Wani abu da masu gyara ke yi yana ba ni haushi. Idan tsohuwa 'yar Kwarbai ta yi magana a cikin labari ta ce "rigana", a bar mata Zazzagancinta. Bakin marubuci ne ake bi da daidaitacciyar Hausa, ba bakin mutanensa ba.

Mayar da rubutu ya fi zaɓensa nauyi. Ga yaro, nakan ja layi a wurare uku kawai, in ce, "Ƙanena, gyara waɗannan ka dawo da shi, gurbinka na nan." Fiye da uku sai gwiwarsa ta yi sanyi. Ga dattijo kuwa sai an bi ta gefe: "Baba, wannan tarihin ya fi ƙarfin minti goma, a ba mu dama mu ware masa zamansa." In ka faɗi haka, to ka ware ɗin, don ba zai manta ba. Wanda ya hau dokin zuciya nakan tuna masa cewa a garin nan aka kawo Abubakar Imam a 1936 ya zauna yana rubutu, Rupert East, Baturen da ke kula da aikin littattafai, yana dubawa suna gyarawa, kuma ba a ce darajarsa ta ragu ba.

Ranar zama, ba marubucin ne zai karanta ba. Wani za a ba, shi kuma ya yi shiru har a gama tattaunawa. Da kunnensa zai ji inda mai karatu ya yi tuntuɓe, da inda ya zaci za a yi dariya aka yi tsit. Waƙa kuma a rera ta, ta haka ake gane karin da ya gurgunce.

Kada ka buɗe da "Yaya kuka gani?" Amsar da za ka samu ita ce Allah ƙara basira, a shafa a tashi. Ka kama mutum ɗaya: "Malama, a ina hankalinki ya fita daga labarin?" ko "Wace magana ce ba ka yarda direban nan zai faɗa ba?" Kuma a fara da ƙanana da mata da baƙi, malamin jami'a ya zo a ƙarshe. In Dakta ya riga kowa, sauran duk "kamar yadda Dakta ya faɗa" za ka yi ta ji har a kira Magariba.

Mutum yana dawowa inda ake jiransa da wani aiki. Wannan ya riƙe lokaci, wancan ya je fotokwafi, wata ta rubuta abin da aka tattauna ta karanto a zama na gaba tare da sunayen waɗanda suka faɗa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta san wannan sirrin, shi ya sa ta ba wasiƙun masu karatu fili.

A zauna bayan La'asar a tashi kafin Magariba, don wadda ta zo daga Samaru ko Ɗanmagaji ta koma da ido. Aji ɗaya na makarantar unguwa ya isa in shugabanta ya yarda. Lokacin jarrabawa da watan azumi a sanar da hutu, a faɗi ranar dawowa. Kuɗin takarda da ruwan sha a yi karo-karo ko da kaɗan ne. Kada a bar wani mai hali ya ɗauki nauyin komai, domin ranar da ya miƙo waƙarsa ba za ka iya ce masa ya je ya gyara ba.