Darasi na 9: Killace Kare a Bayan Gida

Mai kiwon kare don gadi a cikin Kano yana da maƙwabta, ga yara masu talla da almajirai suna shiga lungu dare da rana. In kare ya fita ya ciji ɗan wani, maganar ba ta tsayawa a ƙofar gida. Don haka a killace shi tun yana kwikwiyo.

Zana da dangar kara ba sa riƙe kare. Zai yaga su da haƙori, gara kuma ta cinye ginshiƙan. Langa-langa tana ɗaukar zafi a bazara, bakinta kuma yana yanka ƙafa. Abin da ya fi shi ne ginin bulo mai inci 6, ko ragar ƙarfe mai kauri irin wadda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Tsayi kada ya gaza ƙafa 6.

Amma karnuka da dama ta ƙasa suke fita, ba ta sama ba. Da damina ƙasa ta jiƙe, kare na iya tona rami a dare ɗaya. A haƙa tushe mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi, a zuba kankare: kwanon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A nutsa bakin ragar a ciki tun bai bushe ba. Turakun ƙarfe a kafa su ƙafa 8 tsakani, kowane rami zurfin ƙafa 2. A riƙa yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba zai tsage. Kada a manta da rariya. Ramin da ruwan wanke-wanke ke bi ya ishi kwikwiyo wucewa, sai a gitta masa rodi.

A janye duro, turmi da tarin itace daga jikin shingen, domin su ne tsanin kare.

Ƙofa ta riƙa buɗewa ta ciki, tazararta da ƙasa kada ta wuce yatsu uku. Sakata kaɗai ba ta isa ba, yaro zai zare ta, a sa kwaɗo.

A yi masa rumfa a ciki, don zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. A ajiye masa kaskon ruwansa daban, nesa da randa da wurin alwala. Duk shekara a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare.