Darasi na 7: Eriyar talabijin, a cikin silin ko a waje?

Jama'a wannan darasin kan eriya ne, wato ƙarfen nan da ke kamo hoto daga iska ya kawo wa dikoda ko talabijin ba tare da dish ba. Da yawan masu zama gidan haya a cikin Bauchi, Yelwa ne ko Gwallameji ko Fadaman Mada, suna tambaya ko za su iya ɓoye eriyar a cikin silin, saboda mai gida ya hana huda kwano, ko tsoron ɓarayi, ko kuma iskar farkon damina da ke karya gora ta yar da komai ƙasa. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana wajen rufin ɗakinku, don haka kafin ku fidda ko naira ɗaya ku ɗaga kai ku duba da me aka rufa gidan.

A Amurka da Ingila mutane na saka eriya a ƙarƙashin rufi kuma ta yi aiki, don rufinsu yawanci katako ne da tayil ko wani abu mai kama da kwalta, sigina na ratsawa duk da tana raguwa. Mu kuwa kwano ne, ko almuniyom mai dogon zango, kai ko wannan mai yashi-yashi a sama da ake yayi yanzu shima ƙarfe ne a ciki, kuma ƙarfe baya barin sigina ta wuce, mayar da ita yake yi. Rufin dakin, wato na kankare, shima akwai rodi a ciki. To kaga in ka saka eriya tsakanin silin da kwano ka rufe ta ruf kenan, komai tsadarta. Hanya ɗaya da wani lokacin take yi ita ce in akwai tagar iska ko katako a goshin rufin, kuma ya zama wannan gefen ne ke kallon inda tashar da ke watso siginar take, sai a matso da eriyar dab da wajen. In ba haka ba gaskiya ku haƙura, ku ɗaura ta a jikin bango da faif ya ɗan zarce kwano, ba sai an huda rufin kowa ba.

Akwai kuma zafi. A watan Maris da Afrilu garin Bauchi kan kai digiri 40, cikin silin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, ƙarfen eriya ba ruwansa amma busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, mai lantarki a ciki bata daɗewa a irin wannan wajen, ga ɓeraye da ke cin waya. Duk wanda zai shiga silin dan Allah ya shiga da sassafe, ya kashe wutar gidan, ya taka katako kawai kar ya taka allon silin, mutum na iya zurmawa har ƙasa.

Yanzu maganar zaɓe a kasuwa, ko Wunti kuka je ko Muda Lawal. Za a nuna muku kwali an rubuta eriyar dijital ce, wai tana kamo tasha daga ɗaruruwan kilomita. Ku sani babu wata eriya da aka halitta don dijital kaɗai, eriya ƙarfe ce da aka yanka daidai da zangon sigina, abin da ke fassara hoton yana cikin dikoda ko talabijin. Najeriya tsarin watsa dijital mai suna DVB-T2 take amfani da shi a zangon UHF, da shi aka fara sauya sheƙa zuwa dijital a Jos a 2016, kuma dikodojin eriya irin StarTimes da GOtv a zangon UHF ɗin suke. Don haka ku duba kwalin ya ce UHF, shikenan. Maganar ɗaruruwan kilomita kuwa, siginar talabijin kusan a miƙe take tafiya, doron ƙasa kuma a lanƙwashe yake, ga duwatsun da suka zagaye garin nan, wanda gidansa ke bayan dutse zai sha wuya fiye da wanda ya fi shi nisa amma yana fili.

In kuna cikin gari kusa da tasha ƙaramar eriya ta isa. In kuna bayan gari ku nemi doguwar nan mai jerin haƙora da raga a baya, yawan haƙoran shi ne ƙarin ƙarfi, sai dai ita sai an saita bakinta daidai, kaucewa kaɗan hoto ya tafi. Ku kalli eriyoyin maƙwabta waɗanda hotonsu ke fita, ina suka fuskanta, haƙoran a kwance suke ko a tsaye, ku yi yadda suka yi.

Wajen waya ne mutane suka fi yin asara, kuma nan nake so mu tsaya sosai. Mutum zai sayi eriya mai kyau sai ya haɗa ta da siririyar waya mai arha, ko ya tsinto guntaye uku ya murɗa su da salatif. Wayar eriya tana da jan ƙarfe ɗaya a tsakiya, sai farar roba, sai raga da ta nannaɗe ta. Ku nemi wadda aka rubuta RG6 a jikinta, ta fi RG59 kauri kuma ta fi riƙe sigina, ku sayi tsawon da kuke buƙata guda ɗaya babu haɗi, kar ku bar ragowa mai yawa a naɗe bayan talabijin don kowace mita tana cin sigina. Lokacin ɗaura kan wayar ku lura da kyau, ko silin gashi ɗaya na ragar nan ya taɓa jan ƙarfen tsakiya to sigina ta mutu gaba ɗaya, kuma wannan shi ne ciwon da ake yawan samu bayan an gama zagin eriya. A waje kuma ku naɗe mahaɗar da salatif na lantarki, ku bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki yadda ruwan sama zai ɗiga a nan maimakon ya bi ta ya shiga dikoda. Waya in ruwa ya shige ta zakaga jan ƙarfen ya yi kore ko baƙi, babu gyara sai canji.

Dijital ba kamar talabijin ɗin zamanin da ba ne da hoto ke yin yayyafi amma ana kallo a haka. Shi ko dai hoto tas, ko ya rinƙa daskarewa yana fashewa murabba'i-murabba'i, ko ya ɗauke ɗungurungum. Shi yasa ba a saita eriya da kallon hoto. Ku ɗauki rimot ku shiga menu wajen sigina, za ku ga layi biyu, ɗaya ƙarfi ɗaya inganci, kuma ingancin shi ne abin bi. Mutum ɗaya na juya faif a hankali a hankali, yana tsayawa ƴan daƙiƙoƙi don dikoda na ɗan jinkiri, ɗaya na ɗaki yana faɗa masa lamba, inda inganci ya fi hawa sai a ɗaure da kyau a sake sikanin tashoshi.

In ƙarfi ya cika amma inganci na ƙasa, busta ba zata taimaka ba, don tana ƙara hayaniyar tare da siginar ne, kusa da tasha ma tana iya toshe dikodan. Amfaninta sai in wayar doguwa ce ko za a raba wa talabijin biyu, tunda abin rabawar nan kowanne ɓangare ƙasa da rabi yake samu, kuma a can sama kusa da eriya ake saka ta. Wani lokacin kuma matsalar daga cikin gida take, ƙwan fitila mai arha, inbata ta sola, janareto, ko cajar waya. Ku rinƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya kuna kallon layin inganci, wanda kuka kashe layin ya hau shi ne, sai a nisanta shi da wayar eriya.

Faif ɗin kuma kar ya kusanci wayar wutar lantarki ta kan layi, ku auna cewa ko ya faɗi ba zai kai gare ta ba. Da damina in hadari ya taso da tsawa ku zare wayar eriya daga dikoda, ku zare filogin bango.

Aikin gida: kowa ya duba rufin ɗakinsa ya rubuta da me aka yi shi, ya karanta abin da aka rubuta a jikin wayar eriyarsa, sannan ya kwafo lambobi biyun nan na ƙarfi da inganci a littafinsa, da safe sau ɗaya da dare sau ɗaya. Ku zo da su aji mako mai zuwa, wanda ke da tsohuwar waya ya yanko guntu ya taho da shi, da ita zamu koyi fere waya da ɗaura kanta.