Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ajiye Madarar Jariri a Firij

Garin madarar gwangwani yana iya zuwa da ƙwayoyin cuta irin su Cronobacter da Salmonella ko da ba a taɓa buɗe shi ba. Shi ya sa kuskuren farko tun wajen damawa yake faruwa, idan aka yi amfani da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada zafin ruwan ya gaza digiri 70. A tafasa lita ɗaya, kada a bar shi ya huce fiye da minti 30. A fara zuba ruwa a fida, sannan gari, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin.

Bayan an dama, wasu kan bar fidar a kan tebur ta huce da kanta. A tsoma ta cikin kwano mai ruwan sanyi, ruwan kada ya kai bakin murfi, tana hucewa a sa ta firij. Can ciki za a tura ta, ba jikin ƙofa ba, domin duk buɗewa sai iska mai zafi ta bugi abin da ke ƙofar.

Babban kuskure a nan Kano shi ne dogara da ƙa'idar awa 24, wato cewa madarar da aka dama tana iya kai awa 24 a firij. Wannan ƙa'ida tana aiki ne kawai idan firij ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka ba yankewa. Idan aka ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, kuma a bazara, da zafi kan kai digiri 40, kada uwa ta jira har lokacin ya cika. Madarar da ta lalace ba lallai ta yi wari ko ta tsinke ba, don haka shinshinawa ba gwaji ba ce. A rubuta lokacin damawa a jikin fidar. Gidan da wuta ba ta zama, gara a zuba tafasasshen ruwa a filas, a dama a lokacin da yaro zai sha.

Wajen ɗumamawa, a tsayar da fidar cikin ruwan ɗumi, kada ya wuce minti 15, a girgiza, a ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu kafin a ba shi.

Ragowar da yaro ya sha ya bari ba ta komawa firij, domin yawunsa ya riga ya shiga ciki. Mun san tsadar gwangwani, amma idan awa ɗaya ta wuce da fara sha, a zubar. In ana yawan samun ragowa, a rage yawan abin da ake damawa.